HAZO DA HAYAƘI: ABIN DA TAURARIN ƊAN'ADAM SUKA AUNO

Da an gama kaka, an kai dawa rumbu, sai iska ta juyo daga arewa maso gabas, hazo ya sauko. Rana ta fito fara fat, mutum ya dube ta ba ta kashe masa ido ba. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Akawu ya share teburinsa da safe, kafin azahar yana iya rubuta sunansa a kai da yatsa. Direba ya kunna fitila da rana tsaka, wani lokaci ma jirgin sama ya kasa sauka a Kano. Wannan duk sananne ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda hazon ya ke fitowa, da abin da ke cikinsa, da dalilin da ya sa na wata shekara ya kan fi na wata tsanani.

Fiye da shekara 40 ke nan masana suna auna hazo daga sama da taurarin ɗan'adam. Awon ya nuna abu biyu ne suka haɗu a cikinsa, watau ƙura da hayaƙi. Ƙura baƙuwa ce daga nesa, ba mai ikon tare ta, sai dai a yi mata shiri. Hayaƙi kuwa ɗan gida ne, galibinsa mutane ne ke tayar da shi da hannunsu, kuma da ƙarfin ƙasa ya ke tafiya.

ABIN DA KE YAWO CIKIN ISKA

Ko a ranar da gari ya yi garau, iska ba ta rasa ɓurɓushi. Akwai ƙurar hamada, akwai hayaƙin daji da na murhu da na motoci da masana'antu, akwai kuma gishirin da iska ke ɗebowa daga kumfar teku. Ƙwayar ƙurar da ke tafiya nesa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, in an jera goma gefe da gefe da kyar su kai kaurin silin gashi. Ƙwayar hayaƙi ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Saboda rashin nauyinsu sai su yi mako guda ko biyu suna yawo a sama, har su faɗo da kansu ko ruwan sama ya wanke su. Shi ya sa gari ya kan yi haske tas bayan an ɗauke ruwa.

YADDA A KE AWO DAGA SAMA

Tauraron ɗan'adam na'ura ce da a ke harbawa sama ta riƙa kewaya duniya. An harba na farko a 1957. A 1978 Amurka ta harba wani mai suna Nimbus-7, wanda awonsa na shekaru ya nuna wuraren da ƙura ta fi tashi a duniya. Sa'an nan hukumar NASA ta harba Terra a Disamba 1999, ta bi shi da Aqua a Mayu 2002. An ɗora su nisan kilomita 705 daga ƙasa, watau kamar tafiyar Kano zuwa Kaduna sau uku. An kuma tsara tafiyarsu yadda Terra zai ratsa kan kowace ƙasa da hantsi, Aqua kuwa da azahar. Na'urar da ke jikinsu tana duban faɗin kilomita 2,330 a ratsawa ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu ta gama duba duniya duka. Yanzu sun tsufa, akwai sababbi da ke karɓar aikinsu.

Dabarar awon kuwa ita ce wannan. Hasken rana ya kan sauko ƙasa, wani sashi ya koma sama. In iska garau ce, na'urar za ta ga teku da duhu-duhu, daji kuma kore. In akwai ƙura ko hayaƙi a tsakani, sai su mai da haske sama tun bai kai ƙasa ba, wurin ya yi fari-fari. Da yawan wannan farin a ke lissafa kaurin hazo. Ma'aunin yana farawa daga sifiri. In ya nuna 0.1, gari garau ne. In ya kai 1, to, hasken da ke zuwa kai tsaye daga rana tsaka, abin da ya ɗara sulusi kaɗan ne ke ratsowa, sauran ya watse ko ƙura ta shanye. In ya kai 3, kashi 5 cikin 100 kaɗai ke ratsowa. Cikin Maris 2006 wata gagarumar ƙura ta taso daga arewacin Sahara ta rufe Yamai kwana da kwanaki, ma'aunin ya haura 3.

Na'urar tana duban haske kala-kala, har iri 36, da haka ta ke rarrabe ƙura da hayaƙi. Hayaƙi, don ƙanƙantar ƙwayarsa, ya fi watsa shuɗin haske bisa ja, ƙura kuwa kusan daidai ta ke watsa su. Tana kuma jin zafin wuta, ta nuna inda daji ke ci.

Akwai waɗansu taurarin masu aiki dabam. Meteosat na ƙasashen Turai yana can nisan kilomita 36,000, yana juyawa daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum yana bisa Afirka kamar an kafe shi. Wanda aka fara harbawa a 2002 hoto ya ke ɗauka kowane minti 15, dare da rana, ƙura ta fito a hoton da launin hoda, a bi ta tun daga tashinta. CALIPSO kuma, na Amurka da Faransa, ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023. Shi haske ya ke harbowa ƙasa kamar tocila, ya lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya komo, da haka a san tsawon da ƙura ta ke a sama.

Amma fa tauraro yana da iyakarsa. Gajimare ya kan tare masa gani. Kuma galibin taurarin jimlar abin da ke tsakanin ƙasa da sama su ke aunawa, ba su faɗin nawa ne ke daidai hancin mutum. Saboda haka a ke kafa na'urori a ƙasa masu duban rana, a riƙa gwada awonsu da na sama, kamar yadda mai awon hatsi ya kan gwada mudunsa da na kasuwa. Akwai ɗaya a Jami'ar Ilorin tun 1998, akwai wata a Banizumbu, gabas da Yamai.

MAHAIFAR HAZO

A arewacin ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, akwai wani kwari da a ke kira Bodele, kusa da garin Faya. Awon taurari ya nuna ba wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Dalili biyu ne suka haɗu a can.

Na fari, wajen shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya fi sulusin Nijeriya faɗi, kwarin Bodele kuwa nan ne wuri mafi zurfi a cikinsa. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar alli, wadda ta taru daga ɓawon ƙananan halittun ruwa, har da ƙasusuwan kifi. Ba ta da nauyi, iska kaɗan ke ɗaga ta.

Na biyu, akwai duwatsun Tibesti daga arewa, da na Ennedi daga gabas. Iskar hunturu in ta zo sai ta matse tsakaninsu ta fito da ƙarfi, kamar iskar zugazugin maƙeri, ta faɗa kan kwarin. Waɗansu masana daga Ingila da suka yi zango a can a 2005 sun tarar da hantsi iskar ta fi ƙarfi. An lissafa kwarin yana tayar da ƙura wajen kwana 100 a shekara, a ranar tashinta cikin hunturu kuwa ta kan kai tan 700,000.

Tun da ya ke a wancan lokacin sa'a uku ce tsakanin wucewar Terra da ta Aqua, sai masana suka gwada hotunan biyu, suka ga nisan da goshin ƙurar ya ci. Lissafin da suka buga a 2004 ya nuna tana tafiyar wajen kilomita 45 a awa. Daga Bodele zuwa Kano ya fi kilomita 1,000. Ke nan ƙurar da ta tashi yau da hantsi, gobe ko jibi tana Barno da Damagaram da Kano, bayan 'yan kwanaki ta kai Ikko da Ankara. Akwai kuma wadda ke tasowa daga kewayen Bilma, inda ayari ke ɗauko gishiri, ta haɗu da ita a hanya.

KOWANE LOKACI DA NASA

In an jera hotunan shekara guda, sai a ga hazo yana da tsarin tafiya kamar makiyayi.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke mulki. Ƙura tana tafiya ƙasa-ƙasa, galibi ba ta wuce kilomita 2 a sama ba, ta bi ta ƙasar Hausa zuwa bakin teku. A Disamba da Janairu kuma daji ke ci a kudu da ƙasar Hausa, wajen Binuwai da Neja da Taraba, da arewacin Gana, da kudancin Chadi, har Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu. Jiragen awo da suka tashi daga Yamai a Janairu 2006 sun tarar da ƙura a ƙasa, hayaƙi kuwa a bisanta, har tsawon kilomita 4 ko fiye.

Da bazara, wajen Mayu da Yuni, iskar damina ta fara turowa daga kudu. Ƙurar wannan lokaci ta gida ce, iskar da ke gaban hadari ce ke kwasarta daga gonakin da aka share, ta yi ja wur. Tauraro bai cika ganinta sosai ba, don hadarin ya kan rufe ta, amma manomi ya san ta, ita ce ke zane ƙaramin gero da rairayi, ta binne shi, a koma sabon shuka.

Daga Yuni zuwa Agusta ƙura ta kan koma arewa, ta riƙa tashi daga Mali da Muritaniya da kudancin Aljeriya. Zafin hamada ya ɗaga ta sama har kilomita 5, ta bi yamma bisa Tekun Atlantika. A Yuni 2020 irin wannan ƙura ta duhunta tsibiran Karebiyan. A wannan lokacin ne kuma wutar daji ta kan koma kudancin Afirka, wajen Angola da Kwango da Zambiya, domin lokacin raninsu ke nan.

Wannan tsari bai tsaya ga Afirka ba. A arewacin Indiya hayaƙi ya kan rufe Delhi cikin Oktoba da Nuwamba, sa'ad da manoman Punjab ke ƙone karan shinkafa don su shuka alkama da wuri. A Sin kuwa ƙurar hamadar Gobi cikin Maris da Afrilu ta ke tashi.

ABIN DA ƘURA KE KAWOWA DA ABIN DA TA KE KWASHEWA

Awon CALIPSO na 2007 zuwa 2013 ya nuna kowace shekara wajen tan miliyan 182 na ƙura ke fita daga yammacin Afirka zuwa kan teku. In za a loda ta a tirela mai cin tan 30, sai an sami tirela miliyan 6. Daga ciki wajen tan miliyan 28 ke sauka a dajin Amazon na Amurka ta Kudu, ɗauke da tan 22,000 na sinadarin nan da manomi ke saya cikin takin supa. Akawu ya buga lissafi, zai ga ya kai abin da ke cikin buhu wajen miliyan 5 na supa mai kilo 50.

Gonar ƙasar Hausa ma tana samun rabonta. Ƙurar hunturu tana ɗauke da fotash da sinadarin farar ƙasa da ɗan na supa, kuma masana ƙasa sun nuna yawancin lallausar ƙasar da ke kewayen Kano da Zariya iska ce ta tara ta cikin dubban shekaru. Amma abin da ke sauka a shekara guda kaɗan ne, ba ya maye gurbin taki. Kuma sai inda ta sami abin kamawa ta ke zama. Gonar da aka bari da kara da ciyawa da itatuwa ta kan riƙe ƙurar da ta sauka. Wadda aka share ƙwal kuwa, iskar bazara ta kwashe baƙuwar ƙurar, ta haɗa da ƙasar mai gona.

Akwai shaida a kan wannan daga nesa. A tsibirin Barbados, can hayin Tekun Atlantika, ana auna ƙurar Afirka tun 1965. Da aka yi farin 1972 zuwa 1974 sai ta ƙaru, a farkon shekarun 1980 kuwa, lokacin da fari ya sake tsananta, ta ninka ta shekarun 1960 wajen sau huɗu. Awon CALIPSO ma ya nuna shekarar da damina ta yi kyau a Sahel, ƙurar shekara mai bi mata ta kan ragu. Watau lafiyar ƙasa a nan tana bayyana a ma'aunin da ke nisan dubban kilomita.

HAYAƘI ƊAN GIDA

Taurari sun nuna wajen kashi 70 cikin 100 na filin da wuta ke ci a duniya kowace shekara a Afirka ya ke. Galibin wutar mutane ne ke sa ta. Mafarauci ya sa don ya kori gafiya da zomo, makiyayi ya sa don sabon toho, manomi ya sa don ya huta da sassabe, wani kuma ya yar da guntun taba.

Mai ƙuna ya kan ce toka taki ce. Akwai gaskiya a ciki, domin fotash ya kan ragu a toka. Amma sinadarin nan da a ke saya da tsada cikin yuriya, kusan dukansa sama ya ke tafiya in an ƙone kara. Haka kuma jikin karan da zai ruɓe ya saki ƙasa, ya sa ta riƙe ruwa, ya tafi ke nan. Tokar ma in an ƙone da rani, wata huɗu ko biyar za ta yi a fili kafin ruwa, iska ta kwashe rabonta. Saboda haka hayaƙin da tauraro ke gani bisa gari, abincin gona ne da na dabba ke tafiya a banza.

Akwai labari mai daɗi a nan. Awon 1998 zuwa 2015 ya nuna filin da wuta ke ci a duniya ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kuma dazuzzukan Afirka na arewa da Ikwaita suna cikin inda ya fi raguwa, domin inda gonaki da gidaje suka yawaita mutane ba su barin wuta ta yi yawo. A kewayen Kano, inda kara ke da kuɗi, ana yin danga da shi, ana girki, ana ba dabbobi, ba a cika ganin wutar a hoto ba.

HAZO DA LAFIYA

Ƙwayar ƙura da ta hayaƙi suna shiga har cikin huhu. Su ke tayar da tari da mura da ciwon ido, su tsananta wa mai fuka da tsoho da jariri. Sanƙarau kuwa ƙwayar cuta ce ke kawo shi, amma busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, cutar ta sami ƙofa. Shi ya sa ya ke tasowa daga tsakiyar hunturu zuwa bazara a ƙasashen da suka jeru daga Senegal zuwa Habasha, ya lafa da saukar ruwa. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Daga 2010 aka fara sabuwar allura wadda ta karya lagon irin da ya fi yin ɓarna a da, amma akwai sauran iri da ke tasowa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na ɗaya, kada a ƙone kara da karmami. A tara wa dabbobi, a mai da takinsu gona. Abin da ya saura a kwantar da shi a gona. Gwajin da aka yi a tashar binciken noma ta Sadore, kusa da Yamai, ya nuna karan gero da aka shimfiɗa yana rage ƙasar da iska ke kwashewa, yana kuma kama wadda ta zo da ita.

Na biyu, in ana sassabe a bar tohon itatuwa, musamman gawo. Manoman Maraɗi da Damagaram sun kama wannan hanya tun shekarun 1980, hotunan sama kuwa sun nuna wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar.

Na uku, a share gefen gona da na rumbu da na tarin harawa tun farkon hunturu, don wutar wani kada ta tsallako. Masu gari da sarakunan noma su ja kunnen mafarauta.

Na huɗu, a riƙa sauraron sanarwar hukumar yanayi a rediyo, NiMet a Nijeriya da takwararta a Nijar. Tun da ƙurar Bodele sai ta kwana a hanya, ana iya sanin zuwanta kafin ta iso. Mai shanyar tumatir da barkono da kuɓewa ya rufe shanyarsa, ɗan kasuwa ya rufe gari da mai da nama, mai mota ya rage gudu ko ya jinkirta tafiya. Mai ban ruwa da hasken rana ya riƙa goge faifansa, domin ƙura tana rage masa ƙarfi. Mai alkama kuwa sanyin hunturu abokinsa ne, ya shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta yi ido kafin zafi.

Na biyar, a ranar hazo mai tsanani a rufe hanci da baki da rawani ko mayafi, a yayyafa ruwa kafin shara, a bar jarirai da tsofaffi a ɗaki. A kai yara allura duk sa'ad da aka yi shela. In an ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a kai mutum asibiti a ranar, kada a kwana.

Ƙurar Bodele za ta zo bana kamar yadda ta saba zuwa tun kafin kakanni. Abin da ke hannun mai gona shi ne ta tarar da gonarsa a rufe da kara da itatuwa, ta sauke abin da ta ɗauko ta wuce.